Kun Tambaya Mun Amsa: zaman shirun nan da 'yan Katolika ke yi a coci, na mene ne?

Jama'a barkanmu da warhaka, ya sanyi? Mu dai nan Zariya hunturu ya leƙo, leɓe ya fara tsagewa, masu shayi sun fara ciniki. Tun Lahadin da aka yi zagayen Kristi Sarki saƙonni ke ta shigo min, uku daga ciki duk gida ɗaya suka nufa ko da yake kowa da ƙofar da ya biyo, shi yasa na haɗa su. Masu tambayar aure ku yi haƙuri sai wani makon.

TAMBAYA: Baba Katikis barka da aiki. Ni musulmi ne ɗan Tudun Wada, keke napep nake ja. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu 'yar Katolika, mun taso mun ganta a unguwa, Mama muke ce mata, duk Alhamis bayan la'asar ni nake kaita coci in jira ta in dawo da ita don ƙafa ta fara damunta. Rannan rana ta ishe ni na matsa gindin taga sai na leƙa, wallahi abin ya ban mamaki, ni na san coci da ganga da waƙa da lasifika amma nan mutum kusan goma kowa tsit, wasu a durƙushe wasu a zaune, duk sun zuba ido kan wani abu mai ƙyalli kamar rana a kan tebur, ba limami ba wa'azi, awa guda cur. A hanya na tambaye ta tace wajen Ubangijina naje hira, ta yi dariya, ni kuma ban so in matsa mata ba. Don Allah menene wannan? Ba gardama nake nema ba sani nake so.

AMSA: Ɗana Allah ya yi maka albarka, ya bar zumunci, ya ba ka mai yi maka in ka tsufa.

Abin da ka gani mu a baki adoreshon muke cewa, in za a faɗa da Hausa sosai sai a ce sujada ga Yesu a cikin Sakramenti Mai Tsarki. Shi abu mai ƙyallin da kace kamar rana monstarans sunansa, kalmar daga Latin take, ma'anarta abin nunawa, kuma ba shi ake kallo ba, mazubi ne kawai, ai ba a cin kwano sai tuwon ciki. Da ka ƙara matsawa da ka ga ɗan gilashi a tsakiyarsa, a ciki akwai wani abu fari fat, zagayayye, siriri, faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara ba. To shi ne.

Asalinsa gurasa ce, garin alkama da ruwa kawai, ba yis ba suga ba gishiri. Kafin a yi Mas a kanta, wato babbar ibadarmu ta Katolika, bata da wata daraja, a leda ake kawo ta, ni da kaina na sha ɗauro ta a bayan mashin tare da kwalin kyandir. Amma a cikin Mas Fada, wato limaminmu, yakan ɗauke ta ya maimaita kalmomin da Yesu ya faɗa a cin abincinsa na ƙarshe da almajiransa, inda ya ɗauki gurasa yace wannan jikina ne, ku riƙa yin haka don tunawa da ni, yana nan a Luka sura 22. Daga wannan lokaci, a imanin Katolika, ta tashi daga gurasa. Kamanni na nan, ɗanɗano na nan, nauyi na nan, ko ɗakin gwaje-gwajen ABU ka kaita alkama za su ce maka, mu ma bamu ce za su ga wani abu daban ba. Abin da muka ce ya sauya shi ne zatin abin, wato Yesu ne da kansa a wurin. Babban taron coci na Lateran a Roma a 1215 ya rubuta wannan koyarwa, taron Tarent ya sake jaddada ta a 1551 bayan 'yan Furotesta sun tayar da gardama a kai.

Na san wannan magana da nauyi a kunnenka, don a wajenku Annabi Isa manzo ne kuma ba a yi wa kowa sujada sai Allah. Ban kawo ta don ka yarda ba. Kace sani kake so, toh in baka san wannan ba duk abin da ka hango ta taga sai ya zame maka kamar mutane sun taru suna kallon fitila.

Da farko ma ba don kallo ake ajiyewa ba, don marasa lafiya ne. Wani marubuci kirista mai suna Jastin da ya zauna a Roma wajen shekara ta 150 ya rubuta cewa in an tashi taro dikinoni, wato mataimakan limamai, sukan kai wa waɗanda basu samu zuwa ba gurasar, kuma har gobe haka muke yi, ranar da Mama ta kwanta ta kasa fita za a kai mata har ɗaki. To abin da za a iya nema da tsakar dare dole a samu inda ake ajiye shi, shi ne akwatin nan mai makulli da ke cikin cocin Katolika, tabanakul, da jar fitila a gefensa wadda ba a bari ta mutu muddin yana ciki, alamar maigida na nan. Sauran kuma hankali ne ya kawo. Kai Bahaushe ne, in ka san babba na zaune a zaure zaka ratsa ka wuce ba gaisuwa? Sai aka fara durƙusawa in an zo wucewa, daga durƙuso aka koma ɗan tsayawa, daga nan mutane suka ce a fito mana da shi mu gani.

Wata sista a garin Liyej, ƙasar Beljiyam ta yanzu, Juliyana, ita ta dage sai an ware wa wannan abu ranarsa, aka fara a garinsu a 1246, Paparoma Urban na huɗu ya mayar da ita idin coci gaba ɗaya a 1264, malamin nan Toma Akwinas ya tsara waƙoƙin. Ɗaya daga ciki, Tantum Ergo, har yau ita ake yi kafin albarkar ƙarshe, zakaji tsofaffin Zumuntar Mata da ko aji ɗaya basu shiga ba suna rera ta da Latin tiryan-tiryan, wani lokacin har su gyara wa 'yan kwaya. A nan ne Fada yake zuwa ya sa turare, a yafa masa dogon mayafi a kafaɗa ya naɗe hannuwansa da shi, sannan ya ɗaga monstarans ya yi alamar gicciye a kan jama'a yaro na kaɗa ƙararrawa. Naɗe hannun da gangan ne, ana nuna ba Fada ke sa albarkar ba.

Maganar shirun kuwa, ka taɓa zuwa dubiya ka zauna gefen gadon wanda kake ƙauna? Sannu, ya jiki, Allah ya sauwaƙe, shikenan magana ta ƙare, amma sai kayi awa biyu baka tashi ba, shi ma ya san ka zo, da baka zo ba ma da ya sani. Ko je ka fadar Zazzau (fadar sarki nake nufi ba Fada mai farar riga ba) kaga dattawan da ke faɗuwa su yi gaisuwa su koma gefe su zauna, wani har ya tashi bai ƙara cewa uffan ba amma a wajensa ya yi abin da ya kawo shi. Hirar da Mama tace maka kenan. Wani a zuci yake zuba kukansa, wani carbi yake ja, wani Zabura yake karantawa, wani zaune kawai yake.

Zagayen nan da kan tsayar da ku masu keke a Sabon Gari shi ma abin nan ne aka fito da shi titi a ƙarƙashin laima. A Turai watan Mayu ko Yuni suke yi, mu nan Najeriya damina ce a lokacin, sai aka mayar da zagayen ranar idin Kristi Sarki a ƙarshen Nuwamba. Mu 'yan Zariya abin biyu ya zo mana, don sunan babbar cocinmu ta Sabon Gari kenan, kuma ita ce kujerar Bishop tun da aka yanko Zariya daga Kaduna aka bata dayosis nata a shekarar 2000.

In rana ta sake damunka kana iya shiga ka zauna a bencin baya, ba mai tambayarka kati, ba a raba komai a wurin balle a miƙo maka, hula kawai maza ke cirewa. In kuma zuciyarka bata kwanta ba gindin bishiya ma wuri ne, ba wanda zai ji haushi.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Ni 'yar Wusasa ce, a Angilikan aka haife ni aka min baftisma. Shekara biyu kenan da na auri ɗan Katolika muna zaune Samaru. Surukata mutuniyar kirki ce bata taɓa min gori ba, amma duk Juma'ar farkon wata sai tace in raka ta adoreshon, in naje naga kowa ya zube ƙasa sai gabana ya riƙa faɗuwa don tun muna Sande Sukul aka koya mana Fitowa 20, kada ka rusuna wa abin da hannu ya yi. Kuma ni a karatuna Yesu cewa yayi ku karɓa ku ci, bai ce ku sa a gilashi ku kalla ba. In na durƙusa ina jin nayi zunubi in na ƙi ina jin na raina ta. Baba ya zanyi? Don Allah kar ka sa sunana.

AMSA: 'Yata ban sa ba. Kuma bari in fara da abin da baki zata daga bakin katikis ba, baki yi kuskuren karatu ba, abin da cocinku ta koyar kenan. A cikin ƙa'idoji 39 na Angilikan da aka kammala a Ingila a 1571, ta 25 tace ba a kafa sakramenti don a zuba masa ido ko a yi yawo da shi ba, ta 28 ta ƙara da cewa Almasihu bai umarta a ajiye shi ko a ɗaga ko a yi masa sujada ba. Kinga gardamar ta girmi zuwan 'yan mishan su Likita Mila Zariya da ɗaruruwan shekaru, ba a gidanku aka fara ba.

Ni kuma ba zan miki kwana-kwana ba. In abin da ke cikin gilashin nan gurasa ce, to ke ce da gaskiya, mu duka da muka zube bautar gunki muke, gunkin ma na fulawa, ba wata dabarar da zata wanke mu. Wasu 'yan Katolika in an matsa musu sai su ce ai girmamawa ce kawai kamar ta hoto, a'a, tsoro ne ya sa su faɗi haka. Hoton Maryamu da gicciyen katako girmama su ake yi, ba a musu sujada. Wannan kuwa sujada ce cikakkiya irin wadda ake wa Allah shi kaɗai, coci bata taɓa ɓoyewa ba. Saboda haka duk maganar a kan tambaya ɗaya ta rataya, Yesu ne a wurin ko ba shi bane.

Mu abin da ya sa muka ce shi ne, ki buɗe Yohanna 6. Yesu yace jikinsa abinci ne na gaske jininsa abin sha ne na gaske, mutane suka ce wannan magana da wuya take wa zai iya jinta, aya ta 66 tace da yawa cikin almajiransa suka juya suka daina binsa. Bai ƙwala musu kira yace ku dawo misali nake yi ba, sai ma ya waiwayi sha biyun yace ku ma tafiya zaku yi? Bulus kuma a 1 Korintiyawa 11 yace wanda ya ci ba da cancanta ba ya yi wa jiki da jinin Ubangiji laifi. Na san malamanku suna da tasu fassarar, sukan kawo aya ta 63 inda yace Ruhu ke rayarwa, su ma ba jahilai bane. Ni dai inda na tsaya nake gaya miki.

Maganarki ta biyu, ku ci yace ba ku kalla ba, ita ta fi cizo, kuma coci da kanta ta yarda da rabinta. Ci ne a gaba. Ƙa'idar da Roma ta fitar a 1973 kan wannan al'amari ta nuna daga Mas adoreshon ta fito kuma can take mayar da mutum, don haka wanda zai kwana a ɗakin adoreshon ranar Alhamis amma Lahadi yana gida yana wanki, ya saki reshe ya kama ganye. Sai dai Agustin, bishop ɗin Hippo a Aljeriya ta yanzu, ɗan Afirka ɗan'uwanmu da ya rasu a 430, wanda ku ma kuke ji da shi, yace ba mai cin wannan jiki sai ya fara yi masa sujada. Mu a ganinmu abin da ka yarda ka durƙusa masa minti ɗaya kafin ka ci ba zai rikiɗe ya zama gunki don ka ƙara minti hamsin da tara ba.

Tunda an zo nan bari in taɓa namu, don abin da wasunmu ke yi shi ke ƙara firgita irinku. Na sha ganin an zo da biron da za a rubuta jarabawa, da takardar neman aiki, da hoton saurayin da ya ƙi fitowa, ana neman hanyar gogawa a jikin monstarans kamar an je wajen boka, wata har kwalbar ruwa ta tura ƙarƙashin bagade wai ya kwana ya sha albarka. Roƙo ba laifi bane, kawo damuwarka ka faɗa. Amma wanda ya zo gaishe ka yana lalubar aljihunka ai ka san ba kai ya zo gani ba.

Batun surukarki, kar ki durƙusa don kunya. Romawa 14:23 tace duk abin da ba daga bangaskiya yake ba zunubi ne, ayar nan taku ce tamu ce. Ki raka ta in kina so, ki zauna a benci da Littafinki a buɗe cikin natsuwa, ba wanda ya isa yace sai kin zube, tsofaffi masu ciwon gwiwa ma a zaune suke yi. Amma ki samu maigidanki ki faɗa masa yadda kika faɗa min, shi ya san ta inda zai ɓullo wa mahaifiyarsa, kar ki bari sai ta gani da idonta cikin mutane ta ɗauka fitsara ce. Yadda kika kwatanta ta ma inaga abokiyar tafiya take nema.

TAMBAYA: Baba Katikis gaisuwa. Ɗalibi ne ni a ABU aji uku. Na rubuta sunana a littafin adoreshon awa ɗaya duk sati amma gaskiya minti goman farko na gama duk addu'ar da na sani, sauran sai tunanin kariyoba da kuɗin haya, sau biyu ma barci ya kwashe ni har da minshari sai da wata ta taɓa ni. Anya ba ɓata lokaci nake ba? Ko in cire sunana?

AMSA: Kar ka cire ɗan samari. Ka san inda aka samo awa ɗayar? Matiyu 26:40, a lambun Getsamani daren da za a kama Yesu, ya ɗebi Bitrus da Yakubu da Yohanna yace su zauna a faɗake tare da shi, ya dawo ya tarar suna sharar barci, yace ashe ko awa ɗaya baza ku iya ba? Har sau uku yana dawowa. Kaga layin da ka shiga manya ne a gaba.

A wani ƙauye a Faransa mai suna Ars, limaminsu Yohanna Biyani da ya rasu a 1859 yakan ga wani manomi ya shigo coci ya zauna baki ko motsi baya yi, rannan ya tambaye shi me kake gaya masa, manomin yace ba komai, ina kallonsa yana kallona.

Wayar nan ka kashe ta gaba ɗaya, sailent baya isa, hannu ya san hanyar aljihu. Kar ka cika ciki da garau-garau ka taho. In tunanin kariyoba ya zo kar ka tsaya korarsa, ai shi ne a ranka, ajiye wa Yesu a gaba kace ga wannan fa. Ka riƙo Bishara ka karanta aya biyar ka rufe. In awa ta maka yawa gaya wa mai riƙe da littafin ku raba da wani rabi-rabi.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi, in an fito da Sakramentin ba a barinsa shi kaɗai ko na minti biyar, amfanin littafin kenan, in wanda zai karɓe ka bai zo ba zama ya kama ka. A Faris akwai cocin Zuciya Mai Tsarki a kan tudun Monmartar, tun 1885 ake miƙa wannan zama hannu da hannu dare da rana bai yanke ba, har cikin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu.

Ni ma ya taɓa kama ni. Wata shekara muna adoreshon na kwana aka bani ƙarfe biyu zuwa uku na dare don ba mai so, tsakiyar hunturu, irin sanyin da in ka dafa benci sai ka ɗauke hannu. Uku ta yi mai karɓata shiru. Uku da rabi aka ɗauke wuta, ya rage kyandirori kawai, iska na shigowa ta ƙasan ƙofa tana kaɗa su. Na ja carbi ya ƙare na sake ya ƙare, nayi wa iyali da mamatanmu addu'a ɗaya bayan ɗaya har na gangaro kan waɗanda nake bi bashi da masu bina. Daga nan na koma faɗa da mutumin a zuciyata, na shirya masa maganganu masu zafi kala-kala, su ma suka ƙare. Sai na ja bargo na rufe kafaɗa na zauna kurum, ƙafata ta mutu, ban ga wahayi ba ban ji murya ba, kai ma kar ka sa ran haka, haushin ne dai na neme shi na rasa. Sai da ladanin masallacin bayanmu ya yi kiran assalatu naji ana taɓa ƙofa, ga mutumina yana haki wando duk ƙura, ashe mashin ne ya mace masa tun wajen Kwangila ya turo shi da ƙafa. Ya buɗe baki zai fara bayani na nuna masa gaba da haɓa, ya durƙusa, na yafa masa bargon na fita neman mai shayi.